Harshen Nea Pompi

Duk mai cewa babu abin yi a Bukarest a watan Nuwamba bai taɓa zama a benenmu ba. 'Yata da ke aure a Madrid ita ce kan gaba wajen faɗin haka. Sai ta kira waya ta ce, "Mama, ki taho nan ki sha rana mana. Me ya rage a can? Ruwan sama, hazo, sai hankaki." Ni kuwa in ce ta ƙyale ni, aiki ya sha mini kai. Gaskiya ne an ɗaure kwale-kwalen haya na tafkin unguwa, tsofaffi masu dara a lambun shaƙatawa sun koma wasa da safar hannu, rana kuma tun kafin ƙarfe biyar ta yi sallama. Amma a watan nan ake shan sabon ruwan inabi, a gasa naman tunkiya a ci da tuwon masara, a watan nan kuma ake fama da jiƙa kabeji a ganga don ya yi tsami. Wanda ya yi sake bai saka nasa ba, shi ya san yadda zai yi da hunturu.

Benenmu yana unguwar Titan, hawa takwas, gida talatin da biyu. A ɗakin ƙasa kowane gida yana da ɗan kejinsa na katako mai makulli, kuma keji ashirin da uku daga cikinsu suna da gangar kabeji. Aikin ba wuya: a ƙwaƙule gindin kabeji, a cusa gishiri mai tsakuwa, a jera su sukutum, a watsa ƙwayar masara da saiwar hrean mai hawa hanci, a cika ruwa, a danne da katako da dutse. Bayan 'yan kwanaki a zura tiyo har gindin ganga a yi ta hurawa don gishirin da ya kwanta ya taso. Wannan kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne sanin ko gishirin ya kai. In ya yi yawa kabejin ya ƙi tsami, in ya yi kaɗan ya yi laushi ya narke. Gidan da gangarsa ta lalace kuwa ba shi da ganyen naɗe sarmale, wato niƙaƙƙen nama da shinkafa a cikin ganyen kabeji, ranar Kirsimeti, sai dai uwargida ta saɗaɗa kanti ta sayo na leda, tana ɓoye jaka don kada maƙwabta su gani.

Shekara arba'in ba a taɓa yin wannan abin kunya a benenmu ba, saboda muna da Nea Pompiliu, wato Baba Pompiliu, na hawa na uku.

Gajere ne, mai gashin baki fari fat, ya ba saba'in baya da shekara huɗu. Daga wani ƙauyen manoman kabeji ya zo birni yana ɗan shekara goma sha takwas, ya tuƙa jirgin dogo na cikin gari har ya yi ritaya, ya auri Tanti Zenovia, wato Inna Zenovia, wadda ta fi shi tsayi da murya. Ba shi da mota, ba shi da digiri, 'ya'yansa biyu suna ƙasashen waje kamar na kowa. Wata goma sha ɗaya na shekara, tsoho ne kawai mai karanta jarida a bakin ƙofa. Amma da zarar an wuce ranar Waliyyi Dumitru a ƙarshen Oktoba, sai ka ga Nea Pompi ya miƙe, ya rataya tiyo a kafaɗa, har tafiyarsa ta canja. Lauya na hawa na shida da kansa yake ƙwanƙwasa masa ƙofa yana sunkuyar da kai. Zai ɗebi ruwan ganga ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya kafe silin da ido, sannan ya yanke hukunci.

"Cokali uku. Uku na ce, Madam Lenuta, ba huɗu ba, na san hannunki."

Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Kofi yake sha, da girmamawa, ita kuwa ba ya ƙoshi da ita. Yana da baƙar magana, yana da jiji da kai, na sha faɗa masa haka a gabansa. Amma ba na yarda wani ya faɗa. Shekarar da aka kawo ni benen nan ina amarya, gangata ta farko ta narke kamar kunu, ga uwar mijina tana tafe daga garin Ploieshti don ta ga irin matar da ɗanta ya kwaso. Nea Pompi ya same ni a ɗakin ƙasa ina kuka. Sai kawai ya buɗe kejinsa ya kwaso kabeji takwas ya zuba mini. Uwar mijina ta ci, ta tsuke baki ta ce, "Ba laifi." Har ta mutu ba ta ƙara yabona da kalmar da ta kai wannan ba. Mijina ma ya rasu bai san labarin ba.

To, bara ne abin ya faru.

Ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba muka tafi kasuwar Obor sayen kabeji, ni da shi, kamar kowace shekara. Masu kabeji sun san shi, sun kuma tsane shi. Al'adarsa ya yagi ganye ya tauna, ya tofar, ya ce wa mai kayan, "Wannan ka kai wa zomaye, su ma sai in suna jin yunwa." Sai ya zagi motar masu kabeji biyar kafin ya saya a ta shida. A wannan karon ya yagi ganyen, ya tauna, sai ya yago wani ya miƙo mini.

"Ɗanɗana, Aurica. Mu ga ko shekarun nan da kika yi kina bina sun koya miki wani abu."

Na tauna. Na ɗago kai na ga ya zuba wa fuskata ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ɗan yatsina, domin akwai ɗaci. Nan take ya tofar da nasa ya ce da mai kayan ya ji tsoron Allah. A mota ta uku na gyaɗa kai, ya ce a auna mana. Ban kawo komai a raina ba, har wani daɗi na ji wai an fara tambayar ra'ayina.

Sai da muka zauna cin gasasshen nama a bakin kasuwa na gane. Mai gashin ya ajiye mana ɗanyen barkono, irin siraran nan da ko direbobin manyan motoci sai sun share hawaye. Nea Pompi yana ba ni labarin wani kwandasta, ya ɗauki guda ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye, ya kurɓi ruwan inabi. Ya ɗan taɓa leɓensa kamar mai mamaki, ya ci gaba da labari. Sabon ruwan inabin nan kuwa, da kowace shekara sai ya yi huɗuba a kansa, ko ya yi zaƙi ko ya fara juyawa, ya sha shi kamar ruwan famfo.

Muka koma gida muka sauke kaya. Na ja shi lambun shaƙatawa, muka zauna a benci, ganye ya rufe ƙasa har idon sawu.

"Nea Pompi, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina mini hankali. Ni ce fa Aurica."

Ya juya ya kalli agwagi a tafki. Can ya ce, "Tun murar nan ta watan Maris. Hancin ya buɗe, bakin bai dawo ba. Zafi nakan ɗan ji daga nesa. Amma gishiri, tsami, zaƙi, duk ɗaya. Kwali nake taunawa, Aurica, safe da yamma."

"Tanti Zenovia ta sani?"

"Allah ya kiyaye! In ta sani da safe, kafin azahar an ji a Madrid."

"To ka faɗa wa mutane mana. Ciwo ne, ba sata ka yi ba."

Ya juyo ya harare ni. "In faɗa, injiniyan nan ya samu abin da yake so?"

Domnu Horia ke nan, wato Malam Horia, na hawa na biyu, wanda ya tare shekara biyu da suka wuce. Mutum ne mai kirki, sai dai ba ya yarda da abin da ba shi da lamba. Ya sayo wani ƙarfe mai kama da alƙalami, a tsoma shi a ruwa ya nuna yawan gishiri, kuma tun bara waccan yake yawo da shi a aljihun riga yana jiran a tambaye shi.

Nea Pompi ya rage murya. "In aka cire harshen nan, me ya rage? Tsoho mai tare wa mutane matakala. Wata ɗaya tak nake da shi a shekara. Ki bar mini shi."

Tausayinsa ya kama ni. Da na yi shiru na tafi gida, da an zauna lafiya. Amma ni ba a haife ni da yin shiru ba. Na ce, "To ni zan zama bakinka."

A bencin nan muka tsara komai. Zai ce yana koya mini sana'a ne saboda tsufa. Ni zan fara kurɓa, shi ya biyo baya. In na taɓa ɗan kunnena, a ƙara gishiri. In na gyara gyale, ya isa haka. In na yi tari, ya yi yawa, a ƙara ruwa. Muka maimaita sau uku har masu dara suka fara waiwayowa.

Kada in yi ƙarya, kwanakin da suka biyo baya na ji daɗinsu. Kullum da hantsi mu sauka, maƙwabta su buɗe keji ɗaya bayan ɗaya. In kurɓa, in ji gishiri ya cika mini baki, in gyara gyale. Shi kuma ya kurɓa, ya kafe silin da ido, ya ce, "Ya isa. Kada ki kuskura ki ƙara." Wani lokaci in yi tari, ya sa a ɗebe ruwan a ƙara na famfo. Ɗan kunnena kuwa sau biyu kawai na taɓa shi, ɗaya ma ƙaiƙayi yake mini. Ana kawo mana kofi da biskit, ana kirana "mataimakiyar farfesa." Lauya ya riƙe mini ƙofa.

Ranar da muka zo gangar Otilia ne Domnu Horia ya kasa haƙuri. Otilia amarya ce, malamar makarantar yara, wannan ce gangarta ta farko, iyayen mijinta kuma za su zo Kirsimeti. Bayan Nea Pompi ya ce ya isa, injiniya ya zaro ƙarfensa ya tsoma, ya duba, ya gyara tabarau.

"Nea Pompiliu, ka yi haƙuri, amma wannan bai kai rabin abin da ake so ba."

Nea Pompi ya shafa gashin baki.

"Domnu Injiniya, wannan sandar taka tana da uwa?"

"Ban gane ba."

"Uwa. Wadda ta saka mata kabeji tun tana ƙarama. Ta taɓa cin sarmale? Ta taɓa yin Kirsimeti?"

Aka bushe da dariya. Madam Lenuta ta ce ya je ya auna zazzaɓin kyanwarsa da ita. Ni ma na yi dariyar, har da tafi, abin da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Domnu Horia ya goge ƙarfensa da hankici ya haye sama.

Sai kuma rana ta dawo. Tsakiyar Nuwamba, amma mutane suna yawo a bakin tafki da riga ɗaya, masu shayi sun sake fito da kujeru waje. Kowa yana murna. Ɗakin ƙasa ya yi ɗumi, mu ba mu lura ba.

Ranar wata Laraba Otilia ta bar mana makullinta ta tafi aiki, muka sauka mu hura mata ganga. Nea Pompi ya zura tiyo ya hura. Ya tsaya. Ya sake hurawa, ya karkata kai. Sannan ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu, ya murza ruwan tsakanin yatsunsa, ya ɗaga su. Ruwan ya biyo yatsun yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya danna kabeji na sama da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya buɗe tasa gangar, ya sa na buɗe tawa. Tawa ta fi kowacce lalacewa.

"Aurica. Kurɓi wannan ki faɗa mini da baki, ba da gyale ba."

Na kurɓa. "Gishiri ya ji sosai."

"A gidanki wane irin gishiri kike ci?"

"Wane gishiri? Ai shekara biyu ke nan likita ya hana ni saboda hawan jini. Ko a ƙwai ba na..."

Ban ƙarasa ba. Sai a lokacin na gane. Bakin da ya shekara biyu bai ga gishiri ba, ko ƙwaya uku aka jefa a bokiti zai ce teku ne. Ganga ashirin da uku na bi ina gyara gyale.

"Shekara biyu!" Ya ɗora hannu a ka. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni?"

"Na je neman aron baki na aro na mara lafiya!"

"Ai gara nawa, yana jin wani abu!"

Muka yi ta yi har muka gaji, muka zauna a kan buhun dankalin wani muna haki. Da hankalina ya dawo na fara neman mafita, kuma duk mafitar da na kawo ta ƙarya ce. Na ce mu ɗora wa zafin rana laifi. Ya ce in ya ce rana ce, kowa cokali biyu zai ƙara ya koma barci, alhali kowace ganga tana neman abin da ya fi rabin kilo, yau ba gobe ba, sannan a hura ta safe da yamma. Mutanen da ya ce wa kada su kuskura su ƙara, da wane baki zai ce su juye rabin kilo ba tare da dalili ba? Na ce to ni zan ɗauki laifin, a ce almajira ce ta ɓata. Ya girgiza kai.

"Ni na ce ya isa. Kuma ni na mai da mutumin nan abin dariya alhali shi ke da gaskiya." Ya dubi gangar Otilia. "Yarinyar nan surukanta na tafe."

Ya miƙe ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli. Ya ce in bi gida-gida in ce kowa ya sauko bakin matakala ƙarfe huɗu, da makullinsa.

Aka taru, wasu da silifa, wasu da jakar aiki a hannu. Nea Pompi ya hau matakala ta biyu don a gan shi. Ya cire hula. Ban taɓa ganin ƙoƙon kansa ba sai ranar.

"Jama'a, kabejinku yana mutuwa, ni ne kuma na jawo. Tun watan Maris ba na jin ɗanɗanon komai. Na ɓoye muku. Na sa Madam Aurica tana yi mini alama, ita kuma ashe likita ya hana ta gishiri. Domnu Horia, sandarka ta faɗi gaskiya, ni na yi ƙarya. Ka yafe mini."

Madam Lenuta ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ni na rasa inda zan sa idona. Sai muryar Tanti Zenovia ta sauko daga saman matakala, tana tsaye da ludayi a hannu.

"Tun watan Maris? Ai ni tun Afrilu na sani."

Ya waiwaya a firgice. "Kin sani?"

"Pompiliu, shekara arba'in da tara ina dafa maka wake, ba ranar da ba ka ce wani abu ya yi kaɗan ba. Ran nan na ƙona shi ƙurmus, ka cinye ka ce sannu da aiki. Ka ɗauka ni sakarya ce?"

"To me ya hana ki magana, mata?"

"In yi magana ka warke? Wata bakwai ina cin abinci cikin kwanciyar hankali!"

Lauya ne ya fara fashewa, sai kowa ya ɗauka. Otilia tana dariya tana share hawaye, ban san na wanne ba ne. Domnu Horia bai yi dariya ba. Ya matso ya ce, "Nea Pompiliu, ƙarfena zai faɗi nawa ya rage. Amma ban san wace ganga za ta tashi, wace ce ta riga ta tafi ba. Wannan sai kai."

Ban taɓa ganin benenmu ya yi aiki irin na yammacin nan ba. Lauya ya ɗauki motarsa ya kwaso gishiri mai tsakuwa daga kantuna uku. Mata suna narkar da shi a tukwane, maza suna hura tiyo har fuskokinsu suka yi ja. Injiniya yana gaba yana aunawa, Nea Pompi yana bayansa da hannu tsamo-tsamo yana latsa kabeji ɗaya bayan ɗaya: wannan a jefar, wannan a wanke a mayar, a ƙara hrean a nan. Aka buɗe tagogin ɗakin ƙasa don sanyi ya shigo. Ni aka ba ni aikin riƙe fitila, aka kuma ce ko da wasa kada in kurɓi komai. Ganga biyu ba su tashi ba, tawa da ta wani ɗan tasi da ya yi tafiya da makullinsa. Na ce Allah ya yi adalci, aƙalla a kan tawa.

Bayan kwana uku sanyi ya sauko sosai, gangunan suka daidaita. Amma Nea Pompi bai ƙara saukowa ba. Ba ya zama bakin ƙofa, ba ya zuwa kallon dara. Na hau na ƙwanƙwasa, Tanti Zenovia ta ce yana kwance yana kallon bango. Ta daina zolaya, ta ce mini a hankali, "Aurica, na fi son ya tashi ya zagi miyata." Na sauko raina a ɓace. Haushin kaina nake ji, da na gishiri, da na likita.

Ranar Waliyyi Andrei, talatin ga wata, ita ce ranar buɗe ganga a benenmu. Da hantsi, bayan an dawo coci, kowa ya sauka da faranti da wuƙa. Aka tsaya cirko-cirko. Domnu Horia ya auna ya ce gishiri daidai. Madam Lenuta ta ce, "Mun ji. Ya nuna ko bai nuna ba?" Injiniya ya ce ƙarfen ba ya faɗin wannan. Sai kowa ya shiga ɗanɗanawa. Lauya ya ce ya yi. Lenuta ta ce saura mako guda. Ɗan tasi, wanda ko ganga ba shi da ita, ya ce ya wuce. Wani ya ce wa wani bakinsa warin taba yake, me ya sani. Cikin minti goma mutanen da suka shekara talatin suna gaisawa suna shirin kama kwalar juna.

Otilia ce ta ajiye farantinta ta haye sama da gudu. Ba a jima ba sai ga su. Tanti Zenovia ta riƙo shi ta hannu ɗaya, Otilia ta ɗaya, shi kuma yana cikin rigar sanyi ta zaman gida da silifa, bai ko aske gemu ba.

"Ku sake ni! Me zan yi muku? Na faɗa muku ba na jin komai!"

Otilia ba ta saurare shi ba. Ta tsoma hannu cikin gangarta har gwiwar hannu, ta zaro kabeji ɗaya, rawaya, yana ɗigar ruwa. Ta ɓare ganye, ta yanko jijiyar tsakiya mai kauri, ta miƙa masa.

"Nea Pompi, surukaina ranar ashirin da uku za su zo. Ni ban yarda da bakin kowa a nan ba. In ka ce in zubar, yanzu zan zubar."

"'Yar nan, ba ki ji abin da na..."

"Ci kawai."

Ya karɓa yana juya shi a hannu. Ya lanƙwasa shi, bai karye ba, bai kuma yi laushi ba. Mutane suna ta surutu a baya, sai Domnu Horia, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka tsawa: "Ku yi mana shiru mana!"

Aka yi shiru. Mutum kusan talatin a ɗakin ƙasa, har ɗigar famfo ana ji. Nea Pompi ya sa ganyen tsakanin haƙoransa ya gatsa.

Ƙaras!

Har ni da nake can bakin ƙofa na ji. Ya tsaya cak. Ya sake gatsawa a hankali, ya rufe ido, ya karkata kunne, mu duka muna sauraren bakin tsoho yana tauna kabeji, ba mai ko numfashin kirki. Ya haɗiye, ya share ido da bayan hannu, ya ce hrean ne ya hau masa hanci.

"Ya yi," in ji shi. Ya gyara murya. "Ya yi, 'yar nan. In uwar mijinki ta ce wani abu, ki turo mini ita hawa na uku."

Otilia ta rungume shi da jiƙaƙƙen hannunta. Shi kuwa ya zame, ya naɗe hannun rigar sanyinsa, ya dubi layin kejin da ke jiransa.

"Lenuta, buɗe taki. Kowa ya rufe mini baki, ina aiki."